In saki tsohuwar MX-5 ɗina in hau sabuwa, ko in ci gaba da haƙuri da tsatsa?

Baban_Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, amma don Allah kada a ce min "sayi Corolla ka huta", ina da motar kai yara makaranta. Shekara takwas ke nan ina riƙe da Mazda MX-5 samfurin 1991, ta farkon nan mai fitilun da ke ɗagowa kamar idon kwaɗo, inji 1.6, giya biyar ta hannu. Da kuɗin aikin dare na saye ta a nan Landan, kuma ba ta taɓa kunyata ni a hanya ba. Yanzu abu biyu sun taso min. Na ɗaya tsatsa. Gishirin da ake watsa wa tituna lokacin sanyi ya cinye ƙarfen ƙasan ƙofofi, a gwajin lafiyar mota na shekara-shekara (MOT) na bana mai dubawa ya danna wurin ya ɓurma. Na biyu harajin ULEZ, wato kuɗin da ake karɓa daga motoci masu yawan hayaƙi. Tun da aka faɗaɗa shi ya game duk Landan a Agustan 2023, duk ranar da na fito da ita sai na biya fam 12.50, ko masallacin Juma'a kawai zan je, saboda injinta bai kai ma'aunin hayaƙi na Euro 4 ba.

Ranar Asabar na gwada sabuwar, samfurin 2019, inji 2.0. Ta fi tawa gudu nesa ba kusa ba, ga ɗumi, ga birki mai kama ƙasa. Amma na sauko zuciyata ba ta motsa ba. Ni ne sabo ya yi wa turke, ko da gaske akwai abin da motocin yanzu suka rasa?

Yaro_Mai_Turbo:
Yallaɓai sabo ne kawai. Ƙarfin doki 115 fa! Camry ɗin Mamana za ta wuce ka a fitilar hanya tana sauraren wa'azi. Sayar ka ƙara kuɗi ka ɗauko Toyota GR Supra.

Hajiya_Giya6:
Wa alaikumus salam Baban Hanifa. Ni sabuwar nake ja, shekara uku ke nan, a Manchester. Tambaya ɗaya: minti nawa ka yi a cikinta, kuma a ina? In zagayen dila ne na minti ashirin cikin cunkoso, a titin da aka ƙayyade mil 20 a awa, yaron dila yana zaune kusa da kai yana zuba, to ba ka gwada komai ba. Wannan injin sai allura ta haura 5,000 yake buɗe murya, kuma yana kaiwa 7,500. Ka nemi aron ta na yini guda ka fita bayan gari.

Baban_Hanifa:
Hajiya kamar kina wurin. Minti ashirin da biyar, yaron bai rufe baki ba.

Oga_Lagireto:
Alhaji ni bakanike ne, kullum ina Ƙofar Ruwa wajen neman kaya, bari in faɗi abin da na sani ta ɓangarenmu. Tsohuwar mota tana magana da kai. In ka buɗe bonet ka kasa kunne, za ka san fulogi ne, ko bel, ko famfon mai. Ta yanzu kuwa sai ka jona mata kwamfuta ta ba ka lamba, lambar ta ce na'ura kaza, ka canja na'urar, fitila ta sake kamawa, ashe waya ce ɓera ya ɗanɗana a can ƙarƙashin kujera. Mu da muka koyi aiki a kan kafireta muna ji a jikinmu. Taka in ta lalace, kai da sifana goma da sha biyu kun gama. Ka riƙe abarka.

Dan_Stuttgart:
Oga Lagireto, gyara kaɗan, da girmamawa. MX-5 ba ta taɓa zuwa da kafireta ba, tun fitowarta a 1989 injekta ce, har da ƙaramin burenbos ɗinta. Amma maganarka tana nan daram, domin wayoyinta ba su kai na motar yau yawa ba ko kusa. Akwai ma wani alheri a injin: ko bel ɗin tamin ya tsinke ana cikin tafiya, fistin ba ya dukan bawul. Ka ja ta gefe, a sa sabon bel, ka ci gaba.

Kan ainihin tambayar kuma, Baban Hanifa, ina jin na san abin da ka rasa, kuma ba ƙarfi ba ne. Sitiyari ne. A tsohuwarka ko dai babu taimako ko kaɗan, ko kuma na mai ne, don haka duk tsakuwar da tayar gaba ta taka tana isowa tafin hannunka. Sabuwar ta lantarki ce, moto ne yake taya ka juyawa, yana rage shan mai amma yana tace labarin da titi ke aiko maka. Mun sha wannan rigimar a nan lokacin da Porsche ta koma sitiyarin lantarki a 911 samfurin 991. Kafin nan ma an yi wadda ta fi ta zafi a ƙarshen shekarun 1990, da aka bar injin da iska ke sanyayawa aka koma na ruwa. 993 ce ta ƙarshe mai iska, an rufe ta a 1998. A lokacin masoya sun yi ta cewa 911 ta mutu. Ba ta mutu ba, amma je ka tambayi kuɗin 993 mai lafiya yau.

Dubi nauyi kuma. 911 ta farko a 1964 ƙarfin doki 130 gare ta, nauyinta kilo dubu da ɗan ɗoriya. Carrera samfurin 992 doki 385, amma kusan tan ɗaya da rabi. An ninka ƙarfi sau uku, an kuma ɗora mata nauyin buhun shinkafa takwas ko tara. A nan ne Mazda ta yi abin a yaba: sabuwar MX-5 kilo dubu ce da 'yan kai, tsawonta ma bai kai na ta farko ba. Da wuya ka sami wata mota da ta shekara talatin ba ta yi teɓa ba.

Yaro_Mai_Turbo:
Duk wannan dogon karatu a kan motar masu gyaran gashi.

Hajiya_Giya6:
Yaro, motar da kake raina wa ta haura miliyan ɗaya da aka ƙera tun 2016, kuma babu motar tsere mai kujera biyu da aka sayar kamarta a duniya. Supra ɗin da kake kira mana fa, buɗe bonet ka ga sunan wa ke jikin injin.

Bakano_a_Texas:
Hahaha Hajiya ta taɓo inda yake masa ƙaiƙayi. Gaskiya ce, injin BMW ne, kuma ba a Japan aka haɗa ta ba, a Graz ta ƙasar Ostiriya, a masana'anta ɗaya da BMW Z4. Da ta fito a 2019 ko giyar hannu ba ta da ita, sai a 2022 aka saka bayan mutane sun yi ta ƙorafi. Ba wai mota mara kyau ba ce, tana gudu kamar aljan. Amma tsohuwar Supra mai injin 2JZ ita ce matasa suke hauka a kanta a nan, kuɗin mai tsabta ya wuce na sabuwa.

Mu dokarmu ta shekara 25 ce. Motar da ba a sayar a Amurka ba, sai ta cika 25 za ka iya shigo da ita ba tare da wahalar ma'auni ba. Duk shekarar da wani samfurin Japan ya cika, sai ka ga farashinsa ya tashi tun daga can. Don haka Baban Hanifa ka lura, abin da kake gani gwangwani mai tsatsa, wani yana can yana nemansa da fitila.

Malam_Tanko_504:
Salamu alaikum 'ya'yana. Ni ban taɓa shiga irin motar da kuke magana ba, ko na shiga ma gwiwa ba za ta bar ni in fito ba. Amma da na ji ana tsohuwa da sabuwa sai na kasa yin shiru. Na yi ƙuruciyata a Kaduna lokacin da ake haɗa Fijo a Kakuri, masana'antar ta fara aiki a 1975. A shekarar nan 504 ta ci gasar Safari ta Kenya, a kan turɓaya da laka, ba a kan kwalta mai sulɓi ba. A 1978 ma 'yar'uwarta mai ƙofa biyu, mai inji V6, ta sake ci. Wato motar da muke lodin fasinja da buhun masara daga Kaduna zuwa Funtuwa, jininta na tsere ne, mu ba mu sani ba. Tawa na sayar da ita na sayi ta zamani mai sanyi da gilashin lantarki. Iyali sun ji daɗi, ni ma bayana ya huta. Amma har gobe in na ji ƙarar 504 ta wuce sai na waiga. Ban ce kada ka sayar ba, ɗana. Na dai gaya maka za ka riƙa waige.

Baban_Hanifa:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Wallahi wannan waigen nake tsoro.

Dan_Stuttgart:
Baba Tanko, tunda ka kawo Fijo: 911 ɗin ma da sunan 901 aka nuna ta a Frankfurt a 1963. Peugeot ce ta ce lamba uku mai sifili a tsakiya tata ce, dole Porsche ta canja.

Malam_Tanko_504:
Ka ga ni ban san wannan ba. Ashe har Jamusawa mun taɓa sa wa birki.

Abu_Sumayya:
Ni dai tambayata daban ce, kada a ji haushi. Mutum mai iyali, yana ƙasar da hayar gida ke cin rabin albashi, ga 'yan'uwa a gida suna fama da tsadar abinci, yana lissafin zuba dubban fam a motar da ba ta ɗaukar mutum uku. Wannan bai shiga almubazzaranci ba? Tsohuwa ko sabuwa, duk abin wasa ne.

Hajiya_Giya6:
Malam Abu Sumayya, ka san abin da yake aikawa gida? Ba ka sani ba. Wani doki yake kiwo don hawan salla kawai, dawa da harawa da mai kula duk shekara, ba wanda ya ce masa komai.

Abu_Sumayya:
Hajiya ban zarge shi ba, tunatarwa ce.

Baban_Hanifa:
Na karɓa Malam, Allah ya saka. Lissafin ma yana cikin abin da ya sa na tambaya. In na fito da ita sau biyu a mako, harajin hayaƙi kaɗai fam 1,300 ne a shekara. Ga kuɗin walda da fenti da aka yanka min, wanda ya kusa rabin darajar motar. Ga mai: tun da aka koma E10, fetur mai yawan sinadarin ethanol, a 2021 nake sayen mai tsadar nan E5 mai ƙarancinsa saboda tsoron tsofaffin robobin layin mai. Sabuwar ba ta biyan ULEZ ko kwabo.

Mai_Zaure:
A dawo kan mota don Allah. Mai son muhawarar almubazzaranci ya buɗe nasa zaren.

Dan_Maradi_Lyon:
Sannunku. Maganar doki da Hajiya ta yi ta tuna min, su kansu Japanawan da suka ƙera motar da doki suka kwatanta ta. Suna da kalma, jinba ittai, wai mahayi da doki su zama jiki guda. Duk wanda ya taɓa sukuwa ya san dokin da ya fi gudu ba lallai shi ne ya fi daɗin hawa ba. Akwai wanda da ka matsa cinya ya san abin da kake so.

In sabuwa kake so wadda ba ta da nauyi, mu nan Faransa muna da Alpine A110, an dawo da ita a 2017, a Dieppe ake yin ta, jikin alminiyom, kilo wajen 1,100. Kakarta ce ta ci gasar rali ta duniya ta farko a 1973. Aibinta biyu: kuɗi, sannan babu giyar hannu. Na gwada ta sau ɗaya, ƙafata ta hagu ta yi ta laluben kuloci kamar makaho ya yar da sanda.

Yaro_Mai_Turbo:
Otomatik ɗin yanzu ya fi hannun kowa saurin canja giya. Wannan ba ra'ayi ba ne, agogo ne ya faɗa.

Dan_Stuttgart:
Ba wanda ya musa maka, ƙanena. Amma wa yake riƙe maka agogo a hanyar zuwa cefane? Ni a nan akwai sassan Autobahn, babbar hanyar Jamus, da babu iyakar gudu, na taka mota mai doki 400 har inda zuciyata ta tsaya, bayan mako biyu abin ya zama kamar zama a jirgin ƙasa. Shi kuma yana Ingila, iyakarsa mil 70. Motar da ke kaiwa mil 60 cikin daƙiƙa huɗu, daɗinta daƙiƙa huɗu ne, saura duk kallon kyamarar 'yan sanda. Ƙaramar mota kuwa kana iya murza ta giya ɗaya, biyu har ƙarshen allura, kana ihu, ba ka karya doka ba.

Hajiya_Giya6:
Na yarda da Ɗan Stuttgart a nan, amma bari in faɗi abin da masoya tsofaffi ba sa son ji. Aikin jinya nake, na yi shekaru a sashen gaggawa. Motar 1991 irin ta Ingila ba ta da jakar iska, yawancinsu ba su da ABS mai hana taya ƙullewa in an taka birki, ba su da na'urar da ke kama mota in ta fara zamewa, wadda tun 2014 ta zama dole a kan kowace sabuwar mota a Turai. Kuma tsatsar da kake magana ba a fenti take ba, a ƙashin motar take. Mota mara rufi ƙarfen ƙasan ƙofar nan shi ne ƙashin bayanta. Yanzu ka dubi abin da ke kewaye da kai a titi: manyan jif masu lantarki, tan biyu da ɗoriya, bambarsu daidai kunnenka. Fitilun kwaɗon da muke so ma saboda lafiyar masu tafiya a ƙasa aka daina yin irinsu. In Hanifa za ta riƙa zama a kujerar gefe, ni na san wadda zan zaɓa.

Baban_Hanifa:
Wannan ta shige ni Hajiya. Shekararta tara, kuma ita ce mai danna maɓallin fitilun.

Oga_Lagireto:
To Alhaji ga wata dabara. Sayi sabuwar ka yi harkarka a can, tsohuwar ka sa ta a kwantena ka turo mana. Nan babu gishiri, babu ULEZ, masu walda kuma sai ka zaɓa. A yi mata bodi tas, kana zuwa hutu kana hawa.

Kwastan_Ritaya:
Oga kada ka jefa shi a wahala. Motar Ingila sitiyarinta a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, doka ba ta yarda a shigo da mai sitiyarin dama ba. Ga dokar shekarun mota, wadda ta 1991 ta wuce ta da nisa. Ta Kwatano ma an hana shigo da mota ta iyakar ƙasa a farkon 2017. Juyen sitiyari kuma na ga yadda ake yinsa a wasu garejin, ba zan sa ɗana a ciki ba.

Yaro_Mai_Turbo:
Ko ta shigo ma, tudun rage gudu na farko a unguwarmu zai cire mata salansa.

Oga_Lagireto:
Wannan kam gaskiya ne, na janye. Amma walda dai a yi ta da kyau ko a ina ne. Kada ka yarda a liƙa faci a kan ruɓaɓɓen ƙarfe a shafe da baƙin fenti. A yanke har inda ƙarfe mai rai yake, a duba na ciki, sannan a bi magudanan ruwan rufin a zuzzuge su, don in sun toshe ruwa a can yake kwanciya ya ci ƙarfen ta ciki.

Dan_Stuttgart:
Da a Jamus kake da tuni ka huta. Mota in ta shekara 30 kuma tana nan yadda aka ƙera ta, ana ba ta lamba mai harafin H a ƙarshe, ta shiga tsakiyar gari ba mai tare ta. A Ingila sai 40, sannan a yafe maka harajin hanya da MOT da ULEZ gaba ɗaya. Taka sai bayan 2031 ke nan. In kana da wurin ajiya mara laima, ka yi waldar, ka kai ta wajen Landan, ka riƙa hawa da bazara. Mazda da kanta ta buɗe shirin farfaɗo da irin wannan samfurin a Japan tun 2017, har ta dawo da ƙera wasu kayan gyaransa. Kamfani ba ya yin haka don motar da za a manta.

Bakano_a_Texas:
Ko kuma ka bi tsakiya: Toyota GR86. Inji 2.4 ba turbo, giyar hannu, tayar baya ke ja, ga 'yan kujeru biyu a baya ko da na ajiye jaka ne. Uwargida ba za ta ce an ware ta ba.

Hajiya_Giya6:
Sai dai wadda wani ya riga ya hau. Kason da aka ware wa Birtaniya a 2022 cikin minti 90 ya ƙare, masu ita kuma sun san abin da suke riƙe da shi. Kujerun bayan nan ma ko Hanifa sai ta naɗe ƙafa.

Abu_Sumayya:
Ku dai kun ƙi gaya masa gaskiya, mota biyu kuke so ya riƙe, ta uku ga ta yara.

Malam_Tanko_504:
Malam Abu, sabo da kaza ba ya hana yanka, haka ne. Amma ba a yanka ta ranar da ake cikin fushi da ita. Yanzu haushin mai gwaji ne a ransa.

Baban_Hanifa:
Na gode ƙwarai jama'a. Na kira dilan, sun yarda su ba ni ita daga safiyar Asabar zuwa yamma, ba tare da yaron ba. Zan bi shawarar Hajiya in fita can wajen Surrey inda hanya ke da lanƙwasa. Tsohuwar kuma na samo wani dattijo mai walda a bayan gari, ya ce in kawo ya leƙa cikin ƙarfen da 'yar kyamara kafin ya faɗi kuɗi. Na gaya wa Hanifa wataƙila za a sayar, tun jiya ba ta yi min magana ba.

Yaro_Mai_Turbo:
Yallaɓai, in dai har za a sayar, nawa za ka bari? Wani abokina ne yake tambaya.

Hajiya_Giya6:
Abokin naka mai gyaran gashi ne?

Oga_Lagireto:
Alhaji in dattijon ya leƙa ka turo min hoton cikin, musamman ta wajen tayar baya.